Dutsen da Ke Sakin Jiki in Ya Ji Ɗumi

Zoben azurfa in ya daɗe a ajiye, wani baƙi-baƙi yakan hau kansa, sai an goge shi da toka ko an kai wa maƙerin fari kafin haskensa ya dawo. Azurfar ce da kanta ta haɗu da burbushin farar wuta da ke yawo a iska, suka haifi wani abu na uku. A shekarar 1833, a birnin Landan, wani ɗan maƙeri mai suna Michael Faraday ya ɗauki guntun irin wannan abin, ya sa shi tsakanin wayoyi biyu da ke haɗe da batir. Wuta ta ƙi wucewa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya kawo fitila ya kara masa. Guntun na ɗaukar zafi, allurar ma'auni ta fara motsi, zafi na ƙaruwa wuta na ƙara kwarara, har ya koma kamar ƙarfe. Ya janye fitila, guntu ya huce, ya koma gidan jiya.

Da wani ne, da sai ya ce ai komai in ya ji wuta laushi yake yi. Faraday ya san ba haka ba ne, don tun a 1821 maigidansa Humphry Davy ya nuna cewa ƙarfe in ya ɗau zafi, wutar lantarki wahalar ratsa shi take yi. Haka zinariya take, haka jan ƙarfe, haka ita kanta azurfar. Ga kuma ɗan da azurfa ta haifa ya juya wa halin uwarsa baya. Faraday ya rasu a 1867 bai san dalili ba, domin ƙwayar elektiron sai a 1897 aka gano ta, gamsasshen bayani kuwa sai a 1931 ya fito daga alƙalamin Alan Wilson. Yau dangin wannan guntu, da ake kira samikondakta, su ne zuciyar kowace wayar hannu, kowace kwamfuta, kowane farantin sola da ke kan rufin kwano.

A fara da jan ƙarfe, wanda ke cikin wayar da aka ja a bangon ɗaki. Shi ɗan gata ne tun ran gini. Kowace ƙwayar zarra da ke jikinsa ta saki elektiron guda ya fita yawo, kuma sakakkun nan su ne 'yan dakon wuta. A guntu mai santimita ɗaya ta kowace fuska, yawansu sai an rubuta 8 an jera mata sifili 22. Mai wannan taron, me zafi zai ƙara masa? Abin da zafi ke yi kawai shi ne ya sa ƙwayoyin zarra, waɗanda ke tsaye jere-jere, su kama karkarwa a inda suke. Ɗan dako ya taho a guje, ya yi karo da wannan, ya kauce ya bangaji wancan, miƙaƙƙiyar hanya ta koma kwana-kwana. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Daga ɗumin ɗaki zuwa zafin tafasasshen ruwa ta ƙaru da kusan sulusi.

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki shaida ne da kowa ya taɓa gani. Zaren in yana ci zafinsa kan kai wajen digiri 2,500, turjiyarsa kuma ta ninka ta lokacin da yake a kashe sau goma ko fiye. Shi ya sa ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi: zare da sanyi, ƙofa a wangale, wuta ta afka kafin zafi ya zo ya tare ta. Wato a wurin ƙarfe zafi linzami ne.

Silikon kuwa talaka ne, ɗan yashi. Fiye da rubu'in nauyin ɓawon ƙasar nan da muke takawa shi ne, a cakuɗe da iskar oksijin cikin rairayi da farin dutse. Ana raba su a tanderu, a tace, a sake tacewa har sai baƙon abu bai kai ɗaya cikin biliyan ba, sannan a narkar da shi a digiri 1,414, a jawo shi a hankali ya daskare ya zama sanda guda wadda ƙwayoyinta suka jeru ba karkata. Waɗanda suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ba su san wata rana za a gina masana'antu a kan maganar ba.

Kowace ƙwayar silikon tana da elektiron huɗu a bakin ƙofarta, tana kuma da maƙwabta huɗu. Ta miƙa ɗaya ga kowane maƙwabci, shi ma ya miƙo nasa, aka riƙe hannu gam. Babu rara, kowa a ɗaure. In aka kai shi ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili, tsarkakakken silikon ba zai bar wuta ta wuce ba ko ɗis, daidai yake da gilashi. Elektiron ɗinsa suna nan cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Tsari ya cika, amfani babu.

Kafin elektiron ya kuɓuce sai ya tsallake wata katanga, masana kuma sun auna tsayinta: a silikon 1.1 ne, a ma'aunin da suke kira elektiron-bolt. Ƙarfin da ɗumin ɗaki ke ba ƙwaya guda, in an raba daidai, bai wuce 0.026 ba. Katangar ta fi tsallen sau arba'in da wani abu, da rabo daidai ake yi da babu mai haye ta har abada. Amma zafi ba ya rabo daidai. Karkarwar yawo take yi, ta taru nan ta watse can, sai a wani lungu, cikin ƙiftawar ido, ta haɗu a kan elektiron guda ta cilla shi waje. A guntun silikon mai santimita ɗaya, sakakku a ɗumin ɗaki kimanin biliyan 10 ne. Adadin da cika baki, amma in aka raba shi da yawan ƙwayoyin zarra da ke ciki, sai an ƙirga tiriliyan biyar kafin a sami sakakke ɗaya.

Duk wanda ya fita kuma yakan bar giɓi, giɓin nan ma ɗan dako ne. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya ran Juma'a ya san yadda abin yake. Mutum ɗaya ya fita daga sahun gaba, na bayansa ya matsa ya cike wurin, na bayan wancan ya cike nasa. Mutane gaba suke yi, giɓin kuwa baya yake tafiya, sahu bayan sahu, har ya fita ƙofar masallaci. Haka giɓin elektiron ke tafiya cikin silikon, yana ɗauke da wuta kamar wani abu mai jiki. Tsalle ɗaya, 'yan dako biyu.

To, a nan ne lissafi ya juya. Zafi yana sa ƙwayoyin silikon karkarwa kamar yadda yake yi wa jan ƙarfe, hanya tana cunkushewa a nan ma. Sai dai abin da yake saki ya fi abin da yake tarewa nesa ba kusa ba. Ƙarin digiri tara ko goma kacal yana ninka sakakku biyu. A ƙara wasu goma, sun zama ninki huɗu. Wasu goma, takwas. Kafin a kai zafin tafasar ruwa sun ninku fiye da sau ɗari.

Abin lura a nan, zafin ɗaya ne. Fitilar da Faraday ya kara wa baƙin azurfa, da azurfar kanta ya kara wa da akasin haka ya gani. Mutane sukan zauna suna gardama, shin matsi gyara mutum yake yi ko ɓata shi, shin yabo ƙarfafa yaro yake yi ko lalata shi, kowa ya kawo misalin wanda ya sani, kowa kuma da gaskiyarsa. Gardamar ba ta ƙarewa saboda wutar ake ta tambaya, an manta da abin da aka ɗora a kanta. Akwai mutumin da duk abin da ke cikinsa a sake yake, magana a bakinsa, dabara a hannunsa. Shi in aka ƙara zuga shi sai ya rikice ya riƙa karo da kansa, abin da yake bukata a bar shi ya huce. Akwai kuma wanda komai nasa a ɗaure yake, irin yaron nan da ke zama a ƙarshen aji, shekara guda ba a ji muryarsa ba, har malami ya yanke cewa babu komai a kan. Akwai, a riƙe yake. Sakin fuska kaɗan, kiran suna sau ɗaya ba don duka ba, sai ka ga abu ya fara fitowa, kuma fitowar ninkuwa take yi. Malamin da ke da murya ɗaya ga yara sittin, da muryar da yake gyara wasu da ita yake ɓata wasu.

Da labarin ya tsaya nan, da silikon bai wuce abin kallo ba, don abin da halinsa ke sauyawa da kowace iska ba a gina komai a kansa. Ga shi kuma a wancan zamani masana biyu kan auna abu ɗaya su sami amsa biyu, saboda ɗan gurɓacen da ido ba ya gani ya isa ya birkita sakamako. A 1931 babban masanin nan Wolfgang Pauli ya rubuta wa wani abokin aikinsa cewa kada a ɓata lokaci a kan waɗannan abubuwa, ƙazanta ce kawai. Ƙazantar kam akwai ta. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, in aka zuba ta da awo, ita ce maganin.

Ana ɗaukar silikon da aka sha wahalar tacewa, a sa masa baƙo da gangan. Fosfaras elektiron biyar gare shi a bakin ƙofa. In ya zauna a gurbin silikon, huɗu sun riƙe maƙwabta, na biyar ya rasa hannun kamawa, abin da ke riƙe da shi bai fi 0.045 ba, ɗumin ɗaki ya isa ya sake shi. Boron kuma uku gare shi, in ya zauna da giɓi yake zuwa. Ƙwayar fosfaras ɗaya cikin silikon miliyan goma tana ninka 'yan dako sau dubu ɗari biyar. Ɓangaren fosfaras ya zama mai rarar elektiron, na boron mai rarar giɓi, a kan iyakar da suka haɗu kuma ake samun ƙofa mai barin wuta ta bi ta fuska ɗaya, ta hana ta dawowa. Dayod ke nan. A jera iyaka biyu, an sami taranzista.

Silikon da aka yi wa wannan tarbiyya rayuwarsa hawa uku ce. A matsanancin sanyi, in an wuce digiri 200 ƙasa da sifili, har 'yan rarar nan komawa suke yi su lafe jikin iyayensu, dutse ya koma bebe. In ya ɗan ji ɗumi duk sai su fito, daga nan a shiga wani dogon fili mai faɗin digiri ɗaruruwa inda yawan 'yan dako ba ya motsi. Da hunturu da bazara, adadinsu shi ne adadin baƙin da aka zuba tun farko. A filin nan har ɗan halin ƙarfe yake nunawa, zafi ya ƙaru tafiya ta ɗan yi nauyi. Hawa na uku shi ne inda ninkin nan, biyu, huɗu, takwas, ya kamo yawan baƙin ya wuce.

Filin tsakiyar ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa na'urorinmu na yau da kullum suke zaune. Abin da ya sa ake dogara da wayar da ke aljihu, a Jos da sanyin asuba ko a Agadas da tsakar rana, shi ne halinta daga abin da aka dasa mata a masana'anta yake zuwa, yanayin ranar ba shi da ta cewa sosai. Abin da aka dasa ɗin kuwa ɗan mitsitsi ne. Haka tarbiyya take. In aka ware kalmomin uwa da suka zauna wa ɗa, aka gwada su da dukan surutun da kunnensa ya ji a duniya, ba za su cika cokali ba. Amma su ne ke sa a same shi yau yadda aka bar shi jiya, ko kasuwa ta ci ko ta watse. Wanda ba a dasa masa komai ba, kowace safiya yanayi ne ke yanke masa hali.

A hawa na uku ne hali zanen dutse ke gamuwa da iyakarsa. Zanen yana nan, fosfaras bai je ko'ina ba, boron ma haka. Sai dai zafi ya saki taron da ya shanye su, ɓangaren nan da wancan suka zama ɗaya, iyaka ta rasa ma'ana. Tun kafin a kai can ma ƙofar ta fara yoyo: wutar da ke silalewa ta baya, wadda bai kamata a ce akwai ta ba, tana ninkuwa a kusan kowane digiri goma. Shi ya sa masu ƙera kayan silikon suke rubuta iyakar zafin da ƙwayar za ta ɗauka, yawanci digiri 125 zuwa 150.

Taranzista na farko, wanda John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka cikin Disamban 1947, da jamaniyom aka yi shi. Katangar jamaniyom gajeruwa ce, 0.67, saboda haka sakakkunsa sun fi na silikon sau dubu da ɗoriya, da ya kai wajen digiri 75 kuma sai ya fara sakin layi. A watan Mayun 1954, a wani taron injiniyoyi a garin Dayton na jihar Ohayo, masu jawabi suka yi ta cewa taranzistan silikon sai nan da wasu shekaru. Da aka zo kan Gordon Teal na kamfanin Texas Instruments, sai ya ce ga su nan a aljihunsa. Ya kunna garmaho da amfilifayar jamaniyom, aka tsoma taranzistocin cikin mai mai zafi, kiɗa ya ɗauke. Aka sauya da na silikon, aka tsoma, kiɗa ya ci gaba.

A dubi yadda jamaniyom ya gaza a cikin man nan. Bai toshe ba. Buɗewa ya yi gaba ɗaya, wuta ta bi ta ko'ina, kiɗan ya nutse a cikin ambaliyar. Barin wuta ta wuce ba gwaninta ba ce, guntun waya ma yana yi. Abin da ya ba taranzista daraja shi ne yana iya cewa a'a, ya buɗe in an ce buɗe, ya rufe in an ce rufe, sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kuma duk lissafin da kwamfuta ke yi da wannan i da a'a aka gina shi. Zafin da ya fara ba shi baki, shi ne in ya yi yawa yake ƙwace masa a'a. Ma'aji, alƙali, mai gadi, aminin da aka ba sirri, ungozomar da ta ga cikin gidaje, duk darajarsu a abin da suke iya hanawa take. Ba safai kuwa sanyi ke karya irin waɗannan ba, wanda aka ɗaure wa fuska ƙara ƙanƙame abin hannunsa yake yi. Ɗumi ne ke kwance su: hirar da ta yi daɗi, kirarin maroƙi, kyautar da ta zo ba a roƙa ba, ko zafin rai da ya hau kai har mutum ya amayar da abin da ya riƙe shekara ashirin. Washegari in ya huce tarbiyyarsa tana nan yadda take, kamar yadda silikon kan dawo hayyacinsa in an bar shi ya sha iska. Abin da ya riga ya wuce ta ƙofar ne ba ya dawowa.

Faraday ya lura da wani abu kuma da ya fi wannan ban tsoro. Wani lokaci, in batirin da ƙarfinsa, ba ya bukatar fitila: wutar da ke ratsa guntun ita ke ɗumama shi, ɗumi ya ƙara buɗe hanya, hanya ta ƙara wuta, wuta ta ƙara ɗumi. Zafin da yake linzami a wurin ƙarfe, a nan ƙaimi ne. A iyakar silikon, ƙarfin turin da ake bukata kafin ƙofa ta buɗe yana raguwa da kimanin kashi 2 cikin dubu na bolt a kowane digiri. Ƙaramin abu ne, amma ya isa. Masu gyaran rediyo da amfilifaya sun san ƙarshen zagayen, warin ƙuna da taranzistan da ya fashe.

In aka jera irin waɗannan taranzistoci masu iyaka biyu guda huɗu don su raba kaya, ba sa rabawa da adalci. Ɗaya zai ɗan fi sauran ɗumi, ko don yana tsakiya iska ba ta isa gare shi. Da ya fi ɗumi sai ya fi buɗewa, wuta ta fi bi ta kansa, sauran uku su sami sauƙi, su ƙara hucewa, su ƙara rufewa. A ƙarshe shi kaɗai ke ɗauke da kayan huɗu, ya ƙone, kaya ya koma kan na biyu. Babu gidan da ba a san wannan ba. Ɗan da ya fi saurin cewa to, shi ake ta aike. Ma'aikacin da ba ya musu, a teburinsa takardu ke taruwa. Ɗan'uwan da ya taɓa biyan kuɗin asibiti sau ɗaya, lambarsa ce ke hannun dangi duka. Ba mugunta ake nufi ba, wuta dai inda ta sami sauƙi take bi.

Maganin da injiniyoyi suka samo ba shi da kwarjini. Kowane taranzista sai a ɗaura masa 'yar turjiya a ƙafa, sau da yawa ba ta kai om ɗaya ba. Ba ta hana aiki. Amma da wuta ta fara yawa ta kan guda, sai 'yar turjiyar ta cinye wani abu daga turin, ƙofarsa ta ɗan tsuke, rarar ta koma kan 'yan'uwansa. Kullum ana asarar ɗan ƙarfi a kanta, asarar da mai gaggawa zai ce ɓarna ce. Sannan a ɗaure su duka a jikin ƙarfen alminiyom mai haƙora, wanda ba ya lissafi, ba ya ƙara sauti, aikinsa kawai ya karɓi zafi ya miƙa wa iska. Kowace zuriya tana da irinsa, wata gwaggo ko wani kawu da ake zuwa a zazzage wa ciki, ya saurara, a tashi an huce. Ba a cika lissafa shi cikin masu aiki ba, sai ran da ya kau a ga yadda gida ke kamawa da wuta.

Farantin sola ma babban dayod ne da aka shimfiɗa a rana. Haske yake ci, zafi kuwa dole ce ta haɗa su. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne farantin yana digiri 25, alhali a rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda iska kanta ta haura 40, yakan kai 65 ko fiye. Yoyon nan na baya yana ƙaruwa, turi yana faɗuwa, kowane digiri yana cin kashi 0.3 zuwa 0.45 cikin ɗari. Farantin wat 300 ya koma 250 da ɗoriya, a ranar da mai shi ke ganin ya kamata ya fi kowace rana samu. Mai haɗa sola da ya san aikinsa yakan ɗaga farantin, ya bar rata tsakaninsa da kwano don iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Tsayin katanga shi ke yanke wa kowane dutse inda zai zauna, Mahalicci kuma bai yi su tsayi ɗaya ba. Silikon in ya haɗu da kabon yakan ba da wani abu mai tauri da aka daɗe ana yin dutsen wasa wuƙa da shi, katangarsa ta ninka ta silikon kusan sau uku. A duniyar Zuhura, wadda muke kira Zara matar wata, zafin ƙasa ya kai wajen digiri 460, ko dalma narkewa take yi. Kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Venera 13, da ya sauka can a 1982, minti 127 ya yi yana aiko da saƙo. A 2016 masu bincike na hukumar NASA a jihar Ohayo suka sa na'urar da aka yi da wannan dutse mai tauri cikin wata tukunya mai kwaikwayon zafi da matsin iskar Zuhura, ba sanyaya, ta yi awa 521 tana aiki.

A ɗaya gefen akwai waɗanda ɗan abu kaɗan ke motsa su. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba a Disamban 2021, yana ɗauke da wani ido na silikon da aka sa wa arsanik, wanda raunanan hasken da idonmu ba ya gani ya isa ya saki elektiron ɗinsa. Amma abin da raunanan haske zai saki, ɗumi ma zai saki, don haka sai an sanyaya idon zuwa digiri 266 ƙasa da sifili, in ba haka ba motsin jikinsa zai rufe abin da aka aike shi ya gani. Saurin ji da juriya ba sa taruwa a dutse ɗaya. Mu kuwa mukan so mutum guda ya gane damuwarmu tun ba mu faɗa ba, kuma in mun yi masa tsawa kada ya ji komai.

Sauran tambaya ɗaya da ta daɗe tana damun injiniyoyi. Na'ura tana bukatar wani tsayayyen ma'auni a cikinta, turin da za a riƙa gwada sauran da shi, wanda sanyi ko zafi ba za su taɓa ba. A ina za a same shi, alhali komai na silikon da zafi yake tafiya? David Hilbiber a 1964, sannan Robert Widlar a 1971, suka bi ta wata hanya. Turin iyakar taranzista guda sauka yake yi in zafi ya hau. Amma in aka ɗauki taranzista biyu, aka cusa wa ɗaya wuta fiye da ɗayan, bambancin da ke tsakanin turinsu hawa yake yi in zafi ya hau. Sai aka ƙara wa mai hawan nauyi daidai gwargwado, aka tara shi da mai saukar. Wannan ya sauka, wancan ya hau, jimla ta tsaya cik. Babu wanda ya bar halinsa a cikinsu, haɗa su kawai aka yi.

Jimlar kuwa in an auna tana faɗawa wajen bolt 1.2, ko wane kamfani ya ƙera, ko a wace ƙasa. Ba injiniya ne ya zaɓi adadin ba. In aka bi tsayin katangar silikon, wanda ke ɗan ƙaruwa in sanyi ya ƙaru, aka gangara da shi har ƙarshen sanyi inda babu elektiron ɗaya da ya kuɓuta, a kan 1.2 ɗin yake tsayawa.